Daga Gangara zuwa Babbar Ruga: Hanyar da ke cika gadajen asibiti

Wanda ya taso daga Gangara, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jibiya, yana nufin birnin Katsina, sai ya fara faɗowa garin Jibiya kafin ya kama kwalta ya yi gabas. Ba da jimawa ba zai iso Magama, inda kwastan da jami'an shige da fice suke da ofisoshinsu, a nan kuma hanya ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya yi arewa ya tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ɗayan ya bi ta Daddara da barikin soja na Natsinta ya shiga Katsina, tafiyar kimanin kilomita 45 daga Jibiya. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, hanyar ba ta hutawa: motocin hatsi, a-kori-kura cike da awaki, babura ɗauke da jarkoki, 'yan canji masu riƙe da naira a hannu ɗaya da sefa a ɗaya hannun. Ga lafiyayyen namiji mai kuɗin mota a aljihu wannan tafiya ba komai ba ce, ko da shingayen jami'ai sun tsayar da shi sau goma. Amma akwai matafiyar da ba a lissafa ta cikin masu bin hanyar nan, wato macen da ta kwana biyu tana naƙuda a ɗakin uwarta, aka yi rubutu aka yi jiƙe-jiƙe, sai da gari ya waye na uku sannan aka fara neman abin hawa. Ita ce dalilin wannan rubutu, domin a ƙarshen hanyar akwai wani tsohon asibiti da ya shafe shekaru 40 yana gyaran ɓarnar da wannan jinkiri ke yi mata.

Asibitin shi ne na Babbar Ruga, yana bayan garin Katsina, a kan hanyar Batsari. Ba a banza aka kai shi can ba. Tun asali zangon kutare ne, kuma a zamanin da aka kafa shi ana ganin nisanta kuturu da jama'a shi ne rabin magani. A ƙarshen shekarun 1930, lokacin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, gwamnatin mulkin mallaka da hukumomin En'e suka danƙa wa mishan ɗin Sudan Interior Mission kula da zangunan kutare na lardunan Arewa: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, don kafin nan an daɗe ana hana mishan kafa sansani a cikin masarautun Musulmi. Kuturta ce ta buɗe musu ƙofar. Ba sai an ɓoye ba, sun zo da allura a hannu da wa'azi a baki, kuma an sha samun saɓani tsakaninsu da sarakuna a kan batun sauya addinin marasa lafiya, musamman yara. Wanda zai ba da tarihin wurin da gaskiya dole ya faɗi wannan, ya kuma faɗi ɗaya gefen: sun wanke gyambon da dangi suka guje wa, sun koyar da 'yan ƙasa aikin jinya, kuma mutanen da gari ya kora sun sami inda za su yi noma, su yi aure, su binne mamatansu da mutunci. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe asibitocin mishan, Babbar Ruga ta koma hannun hukuma.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne yadda zangon kutare ya fara raguwa da mutane. Ba ƙarin gini ne ya rage su ba. Da farko maganin da ake da shi wani mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan itacen Indiya a yi wa mutum allurarsa, ga zafi ga ƙarancin amfani, shi ya sa mai cutar kan zauna shekara da shekaru a zango. A ƙarshen shekarun 1940 likitoci a Uzuakoli, can ƙasar Ibo, suka tabbatar da cewa ƙwayar dafson da ake haɗiya tana kashe ƙwayar cutar, kuma tana da araha. Daga shekarun 1950 sai aka fara raba ta a ƙananan dakunan shan magani na ƙauyukan Arewa, mutum ya zo ya karɓa ya koma gonarsa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna biyu ko uku, abin da ya mayar da jinyar shekaru ta koma ta watanni, daga 1995 kuma aka riƙa bayar da su kyauta a duk duniya. A 1998 Najeriya ta kai matakin da masu cutar suka gaza mutum ɗaya cikin 10,000. Kuturta ba ta ƙare ba, har yau ana samun sababbin masu ita fiye da 2,000 a shekara a ƙasar nan, amma an daina tara mutane a bayan gari saboda ita. Magani ne ya fita daga asibiti ya bi hanya ya je ya sami mutane a ƙauye tun yatsunsu ba su gutsure ba. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga don aikin kuturta. Ya tarar da wasu marasa lafiya da ba su aka turo shi ya duba ba: mata masu yoyon fitsari, waɗanda su ma gari ya ƙyamace su kamar yadda ya ƙyamaci kutare, suna yawo daga asibiti zuwa asibiti ba mai iya yi musu aiki. A 1984 ya fara ɗinke su, kuma daga nan sunan Babbar Ruga ya sauya a bakin jama'a. Ya yi wa mata fiye da 20,000 aiki da hannunsa, ya horar da ɗaruruwan likitoci da malaman jinya, aikin ya bazu zuwa sashen Laure na Asibitin Murtala a Kano da Sakkwato da Birnin Kabi da Zariya, har da Maraɗi da Damagaram. Tsarin da ya fitar na rarrabe nau'o'in yoyon fitsari yana cikin waɗanda likitocin duniya ke amfani da su a yau. A nan ne kuma aka nuna cewa idan ciwon sabo ne kuma ramin ƙarami, sanya robar fitsari na 'yan makonni kan sa ya rufe da kansa ba tare da an yi aiki ba. A watan Fabrairun 2005, lokacin da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya shirya gangamin mako biyu a Kano da Katsina da Kabi da Sakkwato, an yi wa mata fiye da 500 aiki, Babbar Ruga tana cikin wuraren da suka ɗauki nauyin. Daga baya gwamnatin tarayya ta karɓi asibitin ya zama cibiyar ƙasa ta yoyon fitsari, tare da ta Abakaliki da ta Ningi. Katsinawa suna da hujjar alfahari da wannan wuri, ni ma ina cikin masu yinsa.

Yanzu a koma Magama a kama reshen arewa. Kafin a shiga Maraɗi akwai garin Danja, inda mishan ɗin nan dai ta Sudan Interior Mission ta buɗe gidan likita na kutare a 1956. A 2012 aka buɗe sashen yoyon fitsari a harabarsa. Tsofaffin asibitocin kutare biyu ke nan, ɗaya a kudu da iyaka ɗaya a arewa, tushensu ɗaya, kuma dukansu biyu suka rikiɗe suka koma gyaran mata masu yoyo. Gangara da Jibiya da Ɗan Isa da Madarunfa suna tsakiyarsu. Wanda ya dubi wannan ya ce haɗuwa ce kawai bai duba da kyau ba. Asibiti yana bin cutar da ke gabansa ne, kuma abin da asibitocin biyu ke shaida mana shi ne cewa a faɗin ƙasar da ke tsakaninsu mata suna daɗewa a kan gwiwa ba su kai ga mai fiɗa ba. Yadda ciwon ke samuwa ba asiri ba ne. Kan jariri ya sauko ya maƙale, ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu na awanni masu yawa, jini ya daina isa ga naman wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki ya zube, ya bar ƙofa tsakanin mafitsara da farji, wani lokaci har da hanyar bayan gida. Jaririn galibi ba ya zuwa da rai. Wata kuma jijiyar ƙafarta ta taɓu, ta tashi tana jan ƙafa. Duk wannan aikin fiɗa na ƙasa da awa ɗaya zai hana shi in an yi shi a kan lokaci. Ke nan gadajen Babbar Ruga a kan hanya ake cika su, tsakanin ɗakin da aka fara naƙuda da ɗakin tiyata mafi kusa.

Alƙaluma suna goyon bayan wannan magana. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa ba su kai biyu cikin goma ba. Haihuwar da aka yi ta hanyar fiɗa ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba a ƙasar baki ɗaya, alhali masana na ganin idan aka gaza kashi 10 akwai matan da ke buƙatar aikin ba sa samu. Tun 1983 Dakta Tahzib ya bi bayanan mata 1,443 da aka duba a asibitin koyarwa na Zariya, ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu yoyo, kashi 13 kuma yankan gishiri ne, wato askar wanzami ko ta ungozoma da aka sa da nufin buɗe hanya ta zarce ta huda mafitsara. Shi ma yankan gishirin, in aka bi diddiginsa, sau da yawa dabarar wanda ba shi da inda zai kai mara lafiya ce.

Akwai masu cewa duk wannan kewaye-kewaye ne, tushen ciwon aurar da yarinya ne tun ƙugunta bai buɗe ba. Maganarsu tana da gaskiya a ciki, kuma ba na cikin masu rufe ido a kanta. Yarinyar da ta taso da ƙarancin abinci, ta ɗauki ciki tana shekara 14 ko 15, ta fi kowa shiga haɗari, ga kunyar haihuwar fari da ke sa ta danne ciwo ta ƙi yin ko tari har sai abu ya ɓaci. Babban binciken Farfesa Kelsey Harrison a Zariya, wanda ya bi haihuwa 22,774 aka buga shi a 1985, ya nuna ƙananan 'yan mata da matan da ba su yi awon ciki ba su ne suka fi mutuwa, ya kuma nuna ilimin mace yana kare ta. Sai dai duk wanda ya san zauren masu yoyo ya san akwai uwar 'ya'ya biyar da shida a ciki, wadda ta haihu lafiya sau da yawa sai wannan karon ɗan ya zo a gicciye ko ya yi girma. Ita ba ƙuruciya ce ta kai ta ba. Kuma ƙasashen da suka rabu da wannan ciwo sun rabu da shi ne a lokacin da fiɗa ta zama abin da kowace mace ke iya samu. A 1855 an buɗe asibiti a New York musamman don ɗinkin yoyon fitsari, saboda yawansa a Amurka a lokacin. Yau likitan mata a can zai yi ritaya bai taɓa ganin wanda naƙuda ta jawo ba. Sa yarinya a makaranta da jinkirta ɗaukar ciki aiki ne na wajibi, amma amfaninsa sai bayan shekaru. Matar da za ta fara naƙuda a Gangara daren yau ba za ta iya jiransa ba.

Wasu kuma za su ce da wane dalili kuɗin Najeriya zai tafi wajen jinyar matan Nijar da ke zuwa Babbar Ruga, alhali namu ma suna layi. Wannan tambaya ba ta san hanyar Magama ba. Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta bayan da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga birnin Katsina a 1807, har yau kuma sarautarta Sarkin Katsina ake kiranta. Layin da ya raba su Ingila da Faransa ne suka shata, aka kafa alamominsa tsakanin 1906 da 1908, ya ratsa ta tsakiyar dangi da gonaki da auratayya. Yarinyar da aka aurar Ɗan Isa gidan iyayenta a ƙasar Jibiya take zuwa goyon ciki, haka ma akasin haka. Sannan cin moriyar ba ta gefe ɗaya ba ce. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sha bayyana cewa da yawa daga yaran da take jinyar tamowa a Ɗan Isa da Madarunfa daga Najeriya aka tsallako da su, kuma asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, ya daɗe yana karɓar 'yan Najeriya. Nijar ta ayyana fiɗar haihuwa da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tun 2005 da 2006, mu sai a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da fiɗa kyauta ga mata marasa hali. In lissafin bashi za a yi, ba lalle ne mu ke bi ba.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne yadda hukumomi ke yanke hukunci a kan hanyar nan ba tare da sun tuna da mai naƙuda ba. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. A Nuwamban 2019 aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kuɗin mota da na babur suka yi sama a daidai yankin da ya fi nisa da ɗakin tiyata. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure saboda ɓarayin daji, a Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da Jibiya, ba a mayar ba sai Disamba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake garƙame iyakar har Maris ɗin 2024, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Kowane ɗaya daga matakan nan yana da dalilin da aka bayar, wasu ma dalilai ne masu ƙarfi, don ba wanda zai raina irin kisa da satar mutane da ƙauyukan Jibiya suka gani. Amma dare ɗaya babu waya, babu mai, ga tsoron fita, ya isa ya mayar da haihuwar da za a ceta ta koma gawar jariri da uwa mai yoyo. Ana lissafa buhunan shinkafar da aka kama a shinge, a sanar da su a rediyo. Awannin da mai naƙuda ta ɓata a bakin shingen ba su shiga kowane littafi, sai bayan wata uku su bayyana a matsayin sabon kati a Babbar Ruga.

To in haka ne, wani zai ce, a kwashe kuɗin da ake kashewa a tsohon asibitin mana a zuba a ƙauyuka. A nan nake rabuwa da masu wannan ra'ayi. Da farko akwai dubban matan da ciwon ya riga ya same su, wasu sun shekara goma suna wanke tsumma a ɓoye, an sake su, ba sa zuwa biki ba sa zuwa suna, suna shakkar ko sallarsu ta karɓu. Haƙƙinsu ne a gyara su, kuma aikin farko shi ne ya fi yiwuwar nasara, don haka sai gwani. Na biyu, kuma wannan ne ba a cika faɗa ba, likitocin yoyon fitsari a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka suna ƙara ganin matan da fiɗar haihuwa ce da kanta ta huda musu mafitsara, saboda wanda ya yi aikin bai ƙware ba ko an kawo matar a makare nama ya riga ya lalace. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gina ɗakin tiyata a kowane lungu ba tare da hannun da ya iya ba zai sauya wa ciwon hanyar zuwa ne kawai. Wurin da ya fi kowa sanin yadda mafitsara ke lalacewa shi ya fi cancanta ya koyar da yadda za a kauce wa lalata ta. Abin da ya faru da kuturta ke nan: zangon bai rufe ba, amma daga cikinsa aka sami ma'aikatan da suka kai magani ƙauye. Babbar Ruga tana da shekaru 40 na ilimin da babu irinsa a Afirka ta Yamma, kuma darajarta a gaba tana ga yawan likitoci da ungozomomin asibitocin Jibiya da Batsari da Kaita da za su ratsa ta cikinta su koma bakin aiki.

Uzuri na ƙarshe shi ne tsaro: wai ba likitan da zai yarda ya zauna a bakin iyaka. Ban raina wannan ba, ma'aikacin lafiya ma yana da iyali, kuma an sha sace irinsu. Amma gwamnati ta iya ajiye kwastan da jami'an shige da fice da soja da 'yan sanda a Magama dare da rana, da albashi da masauki da makami, saboda kayan da ke wucewa. Tana shimfiɗa layin dogo mai kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, shi ma saboda kaya. Hukumar da ta iya wannan ba za ta ce ta gaza tsare likitoci biyu ko uku, da mai ba da maganin barci, da firjin ajiye jini, da wutar sola, a Babban Asibitin Jibiya ba. Ma'aunin da za a auna kowace gwamnati da shi a yankin nan mai sauƙi ne: in aka kawo mace da ƙarfe biyun dare, ana iya fiɗe ta kafin asuba ba tare da an ce a wuce Katsina ba, kuma ba tare da an tura mijinta neman kuɗi ba?

Kirana ga Gwamnatin Jihar Katsina da shugabannin cibiyar Babbar Ruga shi ne su ƙulla yarjejeniyar horar da ma'aikatan asibitocin bakin iyaka, ta yadda duk matar da ta sha doguwar naƙuda za a sa mata robar fitsari tun a Jibiya. Hukumomin tsaro na ƙasashen biyu su rubuta a fili cewa motar da ta ɗauko mai naƙuda ba ta tsayawa a shinge, ko iyaka a buɗe take ko a rufe. Masu unguwanni da limamai da ƙungiyar direbobi a Gangara da maƙwabtanta su ware mota da kuɗin mai tun kafin buƙata ta taso. Kai kuma maigida, in rana ta fito ta faɗi matarka tana kan gwiwa, kada ka bari ta sake fitowa ba ku kama hanya ba.